Kalma ɗaya a rahotona ta ja wa dagaci kira gaban hakimi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara, kuma ni ke jagorantar tawagar rigakafi a mazaɓarmu. A zagayen da ya wuce mun isa wani ƙauye muka tarar an yi rasuwa, dagaci ya ce mu dakata sai an dawo daga maƙabarta. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaurensa, har fura aka kawo mana. Bayan Azahar muka fara aiki, yaran da suka rage muka koma musu washegari. Da na zo rubuta rahoto na duba "hana" a ƙamus ɗin wayata, ya jero mini kalmomi, na ɗauki wadda ta fi cika baki na rubuta: "The village head restrained our team from vaccinating the children." Rahoton ya wuce ƙaramar hukuma. Ba a jima ba na ji an kira dagaci gaban hakimi, kuma mutumin nan abokin mahaifina ne. A taron wata-wata shugabanmu ya karanta jimlar a gaban kowa, aka yi ta dariya, har wani abokin aiki ya laƙaba mini "Madam Restrain". Tun daga ranar na daina rubuta rahoto, wata nake saya wa katin waya tana rubuta mini. Shin in haƙura da rubutun nan gaba ɗaya? Yaya zan bambance waɗannan kalmomi da duk ƙamus ya ce "hana" suke nufi? Kuma da wane ido zan kalli dagaci?

Wa'alaikumus salam 'yata.

Tambayoyinki uku ne, amma kin jera su a juye. Ta ƙarshen ita ce mai gaggawa, domin Turanci zai jira ki, amma dattijon da aka tsayar gaban hakimi a kan laifin da bai yi ba, duk kwanan da ya ƙara bai ji daga gare ki ba abin ƙara zama yake yi a ransa.

Kafin ki ga laifin waɗanda suka kai maganar sama, ki tuna ƙasar da kike aiki a cikinta. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar da ta bazu a kan maganin, kuma Kano ba ta dawo da shi ba sai a Yulin 2004. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Daga baya aka gane cewa aikin ba zai yiwu ba sai da sarakuna, shi ya sa a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni alhakin ganin an buɗe wa masu rigakafi ƙofa. Da wannan wahala aka kai ga watan Agustan 2020, lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. To ki ɗora jimlarki a kan wannan tarihi. Duk jami'in da ya ga an rubuta cewa dagaci da kansa ya tare tawaga, idan bai ɗaga waya ba shi ma ya yi sakaci da aikinsa.

Saboda haka gyara biyu ke gabanki, ɗaya a takarda, ɗaya a zaure. Na takarda ki yi shi a makon nan, kuma ya bi hanyar da rahoton farko ya bi, daga shugabanki zuwa ƙaramar hukuma, a nemi kwafi ya isa ofishin hakimi. Ba sai ya yi tsawo ba. Ki sa ranar da abin ya faru, sannan ki rubuta: "The village head did not stop our team. He asked us to wait until a funeral was over, and he hosted us while we waited. We started after 2 p.m. and completed the work the next day. The word I used in my report was wrong." Kin ga babu kalmar da ɗan aji uku na sakandare ba zai gane ba, kuma babu inda wani zai murɗa.

Na zaure kuwa, kada ki yi shi ta waya, kada kuma ki aika saƙo a bakin wani. Ki faɗa wa Baba gaskiyar abin da ya faru tukuna, ki roƙe shi ya raka ki, ki riƙe kwafin takardar gyaran a hannu. In kin durƙusa kin gaishe shi, ki ce: "Ranka ya daɗe, ni na rubuta, kuma kuskure na yi. Ga takardar da na aika na wanke ka." Kada ki tsaya bayanin ƙamus da waya, dattijo ba ya bukatar darasin Turanci, so yake ya ji an san an ɓata masa kuma an gyara a inda aka ɓata. Magana zarar bunu ce, gaskiya ne, amma ta takarda tana da wannan sauƙi guda: ana iya bin ta da wata takardar.

Yanzu mu zo kan kalmomin. Zan fara da abin da ƙila ba za ki so ji ba: kuskurenki bai faru a Turanci ba, a Hausa ya faru. Da a ce da kika dawo gida ranar Mama ta tambaye ki, "Dagaci ya hana ku aiki?" me za ki ce? Na tabbata cewa za ki yi, "A'a, cewa ya yi mu jira a dawo daga jana'iza." Ashe tun kafin ki taɓa waya, kalmar da kika shigar cikin ƙamus ba ita ba ce. Kin nemi "hana" alhali abin da ya faru jinkiri ne. Ƙamus kuma ba shi da ido a ƙauyen, abin da kika ba shi ya mayar miki.

Sannan kika yi rashin sa'a kika zaɓi mafi nauyi a jerin. Restrain riƙewa ce da ƙarfi. Ita ake faɗa idan 'yan sanda biyu suka danne mai faɗa, ko aka riƙe majinyacin da ke fizge-fizge don kada ya cire ƙarin ruwan da aka sa masa, ko aka janye kare da sarƙa. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin ɗaurewa tam, kuma daga tushen nan strict da restrict da constrain suka fito. Wurin da kuma take zama ba tare da hannu ya taɓa jiki ba shi ne kotu. Kina jin labarai ana cewa kotu ta ba da umarni "restraining" wani daga kama wani, ko daga sayar da fili, ko daga gudanar da taron jam'iyya. Lauyoyi ma sun kasa irin wannan umarni: interim injunction na ɗan gajeren lokaci ne kafin a saurari ɗaya ɓangaren, interlocutory yana tsayawa har a gama shari'a, perpetual kuwa shi ne na dindindin bayan hukunci. To wanda ya karanta jimlarki ɗayan biyu zai gani: ko dagaci ya sa matasa sun riƙe ku, ko ya ɗauki kansa alƙali. Tabarma da fura ba su fito a ciki ba.

Duk sanda za ki rubuta irin wannan jimla, tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce: aikin ya tsaya cak, ko dai ya tafi da ɗingishi? Turanci ya raba waɗannan biyu da katanga, kuma yawancin kurakuran da nake gani a rahotanni daga nan suke fitowa.

Idan abin bai faru ba sam, kalmarki prevent ce, ko stop. "The flood prevented us from reaching two settlements": ba ku isa rugagen nan biyu ba, ko yaro ɗaya ba a ɗiga wa ba. Ke da kike aikin rigakafi bai kamata wannan ta ba ki wahala ba, don ginin kalmomin biyu iri ɗaya ne. Prevent a asalinta "riga zuwa" take nufi, mu kuma muka ce riga-kafi, ka riga abin isowa ka kafe masa hanya. Sai dai ki kula da abin da ke bin ta. Ana cewa "prevented us from going", ba a cewa "prevented us to go", ko da yake za ki ji na biyun a bakin manya masu digiri. Wannan from ɗin da aikatau mai ƙarewa da -ing shi ke bin stop da deter da prohibit da bar da "ban", har da restrain ɗin taki. A nan kam nahawunki daidai yake, ma'anar ce ta kauce.

Idan kuwa an yi aikin amma da ƙyar, ko a makare, ko rabi, to kin shiga gidan hinder da hamper da impede. Nan ne Bahaushe ya fi kowa saurin ganewa in an nuna masa, domin kayan da muke ɗaure dabba da su kowanne da aikinsa. Akuyar da ke turke ba ta zuwa ko'ina sai iyakar tsawon igiyarta. Jakin da aka yi wa dabaibayi yana tafiya, yana ma kiwo, sai dai ba zai yi nisa ba kuma ba zai yi gudu ba. Doki mai linzami yana gudu, amma mahayi ke cewa ga inda za a tsaya. Takunkumi kuwa bai taɓa ƙafa ba, baki ya kama. Turawa ma daga irin wannan rayuwa suka ɗebo kalmominsu, sai dai da yake sun zo mana a rubuce ba ma ganin dabbar a ciki. Impede dabaibayi ce sak: a Latin sa wa ƙafa mari take nufi, kuma "ped" ɗin da ke cikinta shi ne na pedal, fedar keke, da pedestrian, mai tafiya a ƙasa. Kishiyarta expedite, kwance ƙafa, ita ce kike gani a wasiƙun ofis inda ake cewa "kindly expedite action", wato a taimaka a hanzarta. Curb kuma sunan ɗan sarƙar da ke ƙarƙashin haɓar doki ne a jikin linzami, shi ya sa idan jarida ta ce gwamnati na ƙoƙarin "curb the spread of cholera" ba cewa take an kawar da kwalara ba, ja mata linzami ake so a yi. Hinder 'yar'uwar behind ce, mayar da abu baya.

Za ki tambaye ni bambancin hinder da hamper da impede a tsakaninsu. Akwai, amma siriri ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ki hana kanki barci a kansa ba. Hamper ta fi zama da yanayi da rashin kayan aiki: ruwan sama, lalacewar hanya, ƙarancin ƙanƙarar da ke sanyaya magani. Impede ta fi jin ƙamshin takardun hukuma, kuma tana son abin da ke gudana ko tafiya, kamar zirga-zirga, gudun jini, ci gaban aiki. Hinder ta kowa ce, tana shiga ko'ina. A rahotonki duk wadda kika sa a cikin ukun ba wanda zai kira ki. "Heavy rain hampered our work on the second day" ta isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ukun nan sun fi dacewa a jingina su ga abu, ba ga mutum ba. Ruwa ba ya zuwa gaban hakimi.

Ga dagacinku kuwa, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta dace ba. Kalmarsa delay ce, ita ma gara a ɗora ta a kan jana'izar: "A funeral in the village delayed the start of work by about four hours." Ko ki bar neman kalma ɗaya ki faɗi abin da ya faru, ya ce ku jira, kuka jira.

Akwai wata da nake so ki yi mata alama da jan biro: obstruct. Kin san ta a ɗakin haihuwa, obstructed labour, inda jariri ya tokare ya kasa fitowa, naƙudar da in ta daɗe take barin mace da yoyon fitsari. Toshewa ce, wani abu ya tsaya a tsakiyar hanya. Idan aka ce motar da ta lalace ta yi obstructing ɗin titi, ba komai. Amma da zarar kin jingina ta ga mutum, kin ce da gangan ya yi, kuma tare ma'aikacin gwamnati a bakin aikinsa laifi ne da doka ta sani. Ita da restrain da sabotage, wadda ke nufin zagon ƙasa, kada ki rubuta su a gaban sunan kowa sai kin shirya tsayawa ki maimaita a gaban mai shari'a.

Tambaya ta biyu da za ki yi wa kanki: wa ya hana, kuma da wane iko? Akwai rukunin kalmomin da ba sa aiki sai mai hanin yana da hurumi. Prohibit ta doka ce da allon sanarwa, irin "Smoking is prohibited" da ke manne a bangon asibitinku. Forbid ta fi kusa da jiki, uba ga ɗansa, likita ga majinyaci, addini ga mabiyansa, kuma ita ce a cikinsu ta fi zama da kalmar "to" ta Turanci: "Her husband forbade her to bring the child." Wannan jimla za ki bukace ta, don kin fi ni sanin sau nawa uwa ke so amma maigida ya ce a'a. Kalmar "ban" haramtawa ce a hukumance, kamar yadda gwamnatin Kano ta haramta acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Suspend dakatarwa ce da ake sa ran za a ɗage, kamar yadda gwamnatin tarayya ta kira abin da ta yi wa Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kalmar "bar" kuwa rufe wa wani ƙofa ce, a hana shi shiga wuri ko tsayawa takara.

Restrict ita ce ta turke. Ba a hana gaba ɗaya ba, an dai shata iyaka. Ranar zaɓe ana sanar da "restriction of movement" daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, amma motar asibiti da ma'aikatan zaɓe suna wucewa. Mai hawan jini ana ce masa ya yi restricting ɗin gishiri, ya rage ke nan, ba a ce ya daina ci ba. Amma ga tarkon da ke cikinta, kuma ya shafi aikinki kai tsaye. "The vaccine is restricted to children under five" na nufin 'yan ƙasa da shekara biyar kaɗai za a ba. Na sha ganin wanda ya karanta irin wannan ya fahimci su aka hana. Ɗan ƙaramin to ɗin nan shi ya juya ma'anar, ya mai da ita "an keɓe wa". Idan umarni ya zo daga sama da wannan kalma, ki karanta sau biyu kafin ki gaya wa tawagarki.

Tunda na ambaci tarko, ga wani. Mun saba jin sanctions a matsayin takunkumi, kamar wanda ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta ɗage a Fabrairun 2024. Amma idan takarda ta ce "The director sanctioned the trip", darakta ya amince da tafiyar ne, ya sa hannu. Kalma ɗaya, fuska biyu masu kallon gabas da yamma. Haka let, da kowa ya sani da "bari". In kina da fasfo ki duba cikinsa, za ki ga ana roƙon a bar mai shi ya wuce "without let or hindrance". Wannan let ɗin tsohuwar kalma ce mai nufin cikas. Na kawo miki waɗannan ne don ki san harshen da kansa yana da karkatattun lunguna, ba ke kaɗai ke tuntuɓe a ciki ba.

Saura hanin da ke fitowa daga cikin mutum, ko daga halin da ya sami kansa. Deter hani ne ta hanyar tsoro ko fargabar abin da zai biyo baya, ba wanda ya riƙe hannun kowa. Jita-jitar cewa allura na hana haihuwa tana deterring ɗin iyaye, nisan hanya da kuɗin babur ma haka. Discourage ta fi ta laushi, sanyaya gwiwa ce. Refrain kame kai ne, mutum ya ga dama ya bari: "Please refrain from using your phone in the ward." Abin mamaki, sunan da aka ciro daga kalmarki, restraint, yawanci yabo ne. Idan rikici ya tashi aka ce ana kira ga jama'a su yi "exercise restraint", abin da gidajen rediyonmu ke fassarawa da kai zuciya nesa ke nan. Constraint kuwa ita ce ke saman wancan gurbi na fom ɗin rahotonku inda ake jera matsaloli: ƙarancin kuɗi, ƙarancin ma'aikata, ƙurewar lokaci, abubuwan da suka matse ku ba don wani ya nufa ba. Inhibit ki bar ta a kantin magani inda kika same ta. Omeprazole proton pump inhibitor ne, yana rage yawan ruwan tsamin da ciki ke fitarwa, lisinopril kuma ACE inhibitor ne na hawan jini. A wajen kimiyya ana amfani da ita ga mai jin nauyi ko kunyar sakin jiki, amma da wuya rahoton rigakafi ya bukace ta.

Ban jero miki waɗannan don ki haddace ba. Hadda ce ma ta kai ki inda kike, domin jerin kalmomi masu kama da juna da waya ke bayarwa yana sa mutum ya zaci duk ɗaya ne, sai ya zaɓi mai ƙara. Ga yadda nake so ki riƙa yi. Kafin ki rubuta jimlar Turanci, ki faɗe ta da Hausa a fili kamar kina ba Mama labari: wa ya yi me, da ƙarfe nawa, yara nawa aka samu, nawa suka rage. In kin ji "hana" ta fito daga bakinki, ki tsaya ki tambayi kanki ko hana ɗin ce da gaske, ko jinkiri, ko cikas, ko ƙayyadewa, ko tsoratarwa. Hausa tana da su duka, mu ne muke lalaci mu tattara su a kalma ɗaya. Sai kin tantance wannan za ki nemi ta Turanci, kuma ki neme ta a ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, waɗanda ke kawo jimlolin misali a ƙarƙashin kowace kalma. Misalan za ki karanta, ba fassarar ba. Da kin duba restrain a irin wannan ƙamus, da kin ga 'yan sanda da masu faɗa da karnuka sun cika misalan, da jikinki ya ba ki cewa dagaci ba ya cikinsu.

Kuma ki cire wa ranki cewa ƙaramar kalma abin kunya ce. Makarantunmu sun koya mana cewa mai manyan kalmomi shi ne ya iya Turanci, tun daga muhawarar sakandare inda ake tafa wa wanda ba a gane abin da ya faɗa ba. Rahoton aiki ba muhawara ba ne. Wanda zai karanta shi a ƙaramar hukuma yana da tarin irinsa a gabansa, abin da yake nema shi ne adadi, lokaci, dalili. Wait, stop, late, refused, agreed, absent: da waɗannan za ki rubuta rahoton shekara guda ba ki ɓata wa kowa suna ba. Ma'aikatan da suka daɗe a harkar rigakafi ma ai kalmominsu ƙayyadaddu ne, gidan da aka ƙi karɓa su ce non-compliance, yaron da ba a samu a gida ba su ce absent, kuma sun san na farkon yana tayar da tawagar sulhu, na biyun komawa kawai yake bukata. Ki riƙe wannan bambanci da irin kulawar da kike riƙe bambancin allurai.

Batun wadda kike saya wa kati, ki daina daga wannan watan. Ba don kuɗin ba. Ita ba ta je ƙauyen ba, ke kika je, kuma sa hannunki ne a ƙasan takardar. Idan ke da kika ga abin da idonki kika kauce da kalma ɗaya, ina ga wadda ke rubuta abin da aka ba ta labari? Ranar da ta yi nata kuskuren ke za a kira, kuma ba za ki iya cewa ba ke kika rubuta ba, don wannan ya fi na farkon muni. In kina son taimakonta, ki rubuta da kanki ki ba ta ta karanta, ki tambaye ta abu ɗaya: "Me kika fahimta ya faru?" In abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da kika gani, rahoto ya yi. In ya saɓa, kin kama kuskuren tun bai fita ƙofa ba.

Game da shugabanku, ina da magana. Rahoton nan ta teburinsa ya bi. Jimla mai nauyin wannan, kamata ya yi ya kira ki ya ce, "Me dagaci ya yi muku?" Minti biyu sun isa a kashe wutar. Bai yi ba, ya tura, sannan da abin ya dawo ya karanta a taro aka yi dariya. Wannan ba gyara ba ne, sauke nauyi ne a kan ƙaramar ma'aikaciya. Amma ban ce ki je ki faɗa masa haka ba, ke ce a ƙasa, kuma ba ki da ribar jayayya da shi. Ki kai masa takardar gyaran cikin ladabi, ki ce, "Yallaɓai, ga gyaran da na rubuta, ina roƙon ka sa hannu a tura." Sa hannun nasa ya wadatar, shi ma ya san abin da yake nufi. Ki roƙe shi kuma nan gaba in ya ga kalmar da ta yi masa nauyi a rahotonki ya kira ki kafin ya tura. Da wuya ya ƙi, don shi ma kariya ce gare shi.

Shi kuwa mai kiranki "Madam Restrain", irin wannan suna da fushin mai shi yake rayuwa. Ki amsa da dariya sau biyu, zai gaji. In ya ƙi gajiya, wata rana a gaban mutanen da yake yi dominsu ki ce masa, "Malam, don Allah taimaka mini, mene ne bambancin restrain da constrain? Ina so in rubuta daidai." Ki yi tambayar da gaske, ba da gatse ba. In ya sani kin ƙaru, in bai sani ba sunan ya mutu a wurin.

Takardar gyaran ki yi ta kwafi uku: ɗaya ofis, ɗaya hannun dagaci, ɗaya ki ajiye a fayil ɗinki, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa.